Ƙarfen da ke Cikin Rumbun Barmo

Duk wanda ya zauna a ƙasar Belbeji a shekarun nan na farkon mulkin kai, in ka ambaci Barmo Maƙeri, zai fara yin murmushi, sannan ya girgiza kai. Murmushin na aikinsa ne, don hauyar da ta fito daga hannun Barmo sai mai ita ya tsufa ya bar wa ɗansa. Girgiza kan kuwa tausayin matarsa Tabawa ne, baiwar Allah, wadda ta auri mutum ɗaya amma ta sha wahalar mutum goma.

Kada a ɗauka mugu ne. Barmo bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ba ya caca, ba ya yawon banza, ko goro sai an ba shi yake ci. Ciwonsa guda ne, ba ya iya ganin ƙarfe a ƙasa ya wuce. Ƙusa ce, guntun sarƙa ne, gindin tsohon bokiti ne da tsatsa ta cinye, sai ya duƙa ya ɗauka, ya hure masa ƙasa, ya goge shi a riga. Ranar ɗaurin aurensu ma sai da aka yi ta jiran ango, wai ya tsaya tonon wani abu da ya hango yana leƙowa daga cikin rairayi a bayan gari.

Ciwon yana da asali, Tabawa kuma ta san shi, shi ya sa ma ta daɗe tana haƙuri. Uban Barmo, Dodo, maƙerin zamanin da ne, lokacin da ƙarfe ba a kasuwa yake ba, a cikin dutse yake. Sai an yi doguwar tafiya da jakuna an haƙo tama, an ƙone itace an yi gawayi, an gina dogon murhu na laka an yi ta fama da wuta, sannan a samu ɗan curin da zai yi hauyoyin gari. Wata shekara wutar ta ƙi. Aka fasa murhu, babu komai sai toka da kashin dutse. Damina ta sauka, manoma suka riƙa zuwa ƙofar maƙera da hauyoyin da suka cinye har kusa da ƙota, Dodo ba shi da abin da zai ƙera musu. Barmo yana saurayi a lokacin, ya ga ubansa ya shige ɗaki ya ƙi fitowa don kunya. Tun daga nan ba ya tsoron yunwa kamar yadda yake tsoron ranar da za a kawo masa aiki ya ce babu ƙarfe.

To amma duniya ta canza, Barmo ne bai samu labari ba. Manyan motocin nan da ake kira kamiyo sun fara bin hanyar Damagaram zuwa Agadas, rairayin Damargu kuwa ba ya raga musu. Wadda ta mutu a hanya, sai a yi ta yankar ta ana kaiwa kasuwar Tanout. Sauran maƙera suka gode wa Allah, su sayi abin da za su yi aiki da shi, in ya ƙare su koma. Shi kuwa Barmo cewa yake yi, “Wannan arhar ba mai ɗorewa ba ce. Wata rana motocin nan za su daina mutuwa.” Ka ji fa!

Tsakar gida ta cika da tarkace har kaji suka rasa wurin kiwo. Ranar da wani tsinin ƙarfe ya yage wa Tabawa diddige tana ɗauke da tulu, tulun ya fashe, ƙafar ta kumbura, sai haƙurinta ya ƙare. Ta zauna tana ɗaure ƙafar da tsumma, ta ce, “Maigida, wallahi in ka ƙara shigo da ko allura gidan nan, zan tafi Tarka wajen ’yan uwana, ka zauna da ƙarafanka su dama maka fura.” Barmo ya tsorata, don ya san ba ta rantsuwa a banza. Ya kwashe tarkacen ya jibge bayan maƙera, aka share gida tas. Tabawa ta ɗauka ta ci nasara, har ta yi wa maƙwabta kuri.

A garin, maƙeri ba ya karɓar ladan hauya da hannu. Sai kaka ta yi, kowane manomi ya kawo masa damin gero. Shi ya sa rumbun Barmo ya fi na kowa girma, rumbun laka ne mai ƙaton ciki, zaune bisa duwatsu da itatuwa, bakinsa a can sama an rufe da jinka, sai da tsani ake hawa. A ƙasansa, a tsakiya, ake ajiye iri, zaɓaɓɓun zangarniyoyin da za a shuka in ruwa ya sauka. Akwai kuma al’ada, mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Shi zai hau ya jefo mata abin da za ta sussuka. Tun Tabawa tana yarinya uwarta ta gaya mata cewa idon mace in ya ga gindin rumbu, albarka ta tafi.

A ranin da ya biyo baya Barmo ya soma yawan zuwa Tanout da jaki ɗauke da gero. In ta tambaya ya ce na lanho ne, harajin gwamnati. Ya dawo da mangala a rufe, ya ce gawayi ne. Tabawa ta lura cewa ba ya sauke kayan sai ta tafi rijiya, jakin kuma yana dawowa ƙafafunsa na rawa, alhali gawayi ba ya sa jaki haka. Sannan ta lura da rumbun. Kullum ana ɗibar gero ana ci, ya kamata a ce yana ƙara sauƙi, amma duwatsun da ke ƙarƙashinsa sai nutsewa suke yi cikin rairayi. Wajen da kaza ke shiga ta yi ƙwai ya matse har ba ta iya shiga. In an yi shiru da tsakar rana, itatuwan na ƙasa sai su riƙa wani ɗan kuka. Ta kasa haɗa lissafin, abin dai yana damunta.

Wanda ya haɗa mata shi, ba tare da ya sani ba, Mushe Kadi ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, wani saurayi ɗan Damagaram da aka turo garin. Mutumin kirki ne, sai dai in ya buɗe baki ba ya rufewa. Wani hantsi ya turo kekensa maƙera, matakinsa ya karye. Tabawa ta kawo fura, Barmo ya ce ta ɗan taya shi zuga, ta zauna ta kama zugazugi. Mushe ya tsura wa jan ƙarfen da ke bakin awartaki ido, ya ce, “Baba Barmo, ka san ƙarfen nan naka har tauraro yake kashewa?”

Barmo ya dakata da masaba a sama. “Wane tauraro?”

“Na sama mana. Wani abokina ya aiko mini da jarida daga Yamai, a ciki na karanta abin da masana suka gano. Taurarin nan da muke gani kamar an watsa tsaba, kowanne wuta ne kamar ranarmu, wasu ma sun fi ta girma nesa ba kusa ba. To, babban tauraro kullum nauyin kansa yana danne shi zuwa ciki. Abin da ke tokare shi, zafin da ke fitowa daga tsakiyarsa ne. Yana cin abin da ke cikinsa, abin ya juye ya zama wani wanda ya fi shi nauyi, shi ma ya ci shi ya samu zafi. Haka, haka, har abin da ke tsakiya ya zama ƙarfe. Daga nan ci ya ƙare, don ƙarfe ba ya ba shi zafi ko kaɗan. Sai dai ya yi ta taruwa yana ƙara nauyi. Ran da nauyin ya rinjaye shi, kafin ƙiftawar ido tauraron ya rufta cikin kansa, sannan ya tarwatse.”

Barmo ya ajiye masaba, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da ɗa namiji. “Allahu akbar! Kin ji ko, Tabawa? Har a sama ƙarfe ne mai magana ta ƙarshe! Ke kuma kina ce masa tarkace.”

Tabawa ta riga ta saki zugazugi, wuta ta lafa. Daga inda take zaune tana hango jinkar rumbun ta saman danga, ta ɗan karkata gabas. Ta ce, “Mushe, shi tauraron, daga waje ba a gane halin da yake ciki?”

“An ce yana nan yana haskensa lafiya lau, Inna, har ranar da zai faɗi.”

Ta ce, “Uhum.” Ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta, ko sallama ba ta yi musu ba.

Da azahar ta ajiye masa tuwo, ta zauna gabansa, abin da ba ta saba yi ba. “Maigida, mene ne cikin rumbun nan?”

“Gero mana. Me ake sa wa a rumbu?”

“Geron da ake ci yana ƙara nauyi? Duwatsu sun nutse, itatuwa na kuka. Ka gaya mini gaskiya, ƙarfe ka zuba a ciki.”

Barmo ya kai loma baki, ya tauna ta da kyau, sannan ya ce, “Ai taka shi ne ya dame ki. Kin taka?”

Ranta ya ɓaci har ta ji kunnuwanta na zafi. “Irin fa? Damina ta ƙarato, ina irin da za mu shuka?”

“Iri na can ƙasa a tsakiya, inda ubana yake ajiye nasa. Ban taɓa shi ba. Yanzu ma ya fi tsaro, ko ɓera bai isa ya kai gare shi ba.” Ya nuna tsani da haɓa. “In ba ki yarda ba, ga tsani nan, hau ki duba.”

Ya san ba za ta hau ba, shi ya sa ya faɗa. Tabawa ta tashi ta je har gindin tsanin, ta dafa shi, ta ɗora ƙafa ɗaya. Sai maganar uwarta ta faɗo mata, ta kuma tuna cewa kafin la’asar duk matan rijiya za su ji cewa matar Barmo ta leƙa rumbu. In daminar ta zo da gardama, ita za a nuna da baki. Ta sauke ƙafar. Ta ji haushin Barmo, ta ji haushin al’adar, amma wanda ya fi duka zafi haushin kanta ne, mace da furfurarta tana tsoron katako.

Tana da jar akuya guda, jikar wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Nononta ake dama fura da shi, kuma in Tabawa ta dawo daga rijiya akuyar ce ke fara yi mata maraba. Washegari ta kwance ta, ta ja ta zuwa gidan Ladi, maƙwabciyarsu, wadda mijinta ya tara iri mai kyau. Akuyar ta yi ta tirjewa a hanya tana waiwaye. Aka yi musaya, Tabawa ta dawo da iri, ta zuba a randa, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura bayan gadonta. Ranar ba ta ci abinci ba. Abin da ya ƙara ƙona mata rai, mutumin da ke hango ƙusa daga nesa bai ma lura cewa turken akuya ya zama fanko ba. Da ya sha fura ya ji ba nono, cewa ya yi kawai, “Yau furar ta yi lami.”

Ruwan farko ya zo da yamma, bayan la’asar. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta yi ta kwasar zana, sannan aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki murna, don gobe da safe kowa zai fita shuka. Tabawa tana bakin ƙofar ɗakinta tana kallon ruwa yana taruwa a gindin rumbu, rairayin yana laushi. Ta ga dutse ɗaya ya zame. Itacen tsakiya ya yi ƙara ƙas! Rumbun bai faɗi gefe ba kamar yadda rumbu kan faɗi. Gindinsa ne ya ɓurme, cikinsa ya zube ƙasa, bangon ya bi shi ciki, jinka ta sauko ta rufe, sannan komai ya fashe ya watsu har bakin danga.

Maƙwabta suka shigo da gudu cikin ruwa suna salati. Da suka ga abin da ke ƙasa sai salatin ya tsaya. Ga faffaɗan ƙarafan ƙarƙashin mota, ga zobban ƙafar kamiyo, ga sanduna, ga sarƙoƙi, ga gunduwa-gunduwar inji da Allah kaɗai ya san yadda tsoho ya hau tsani da su. Geron ci ɗan kaɗan ne, wanda ya jera a jikin bango da kuma sama. Barmo ya durƙusa cikin taɓo yana ture ƙarafan da hannu, yana neman tsakiya. Ya samu irin. Nauyi ya niƙe shi, baƙin man inji kuma ya daɗe yana ɗiga a kansa, ya zama wani baƙin curi mai warin mota. Ya ɗebo a tafin hannu ya sunsuna, ya sake sunsunawa. Wani daga baya ya kasa riƙe dariya. Barmo ya miƙe, bai kalli kowa ba, ya shige ɗaki ya ja asabari.

Tabawa ta so ta bi shi ta zazzage masa duk abin da ta tara tun ranar aurensu. Maganganun suna nan a bakinta, a shirye. Amma da ta ga yadda asabarin ya faɗo, sai ta tuna Dodo, surukin da ta ji labarinsa ba ta gan shi ba, ta ji tausayi ya shiga gaban fushin. Wannan ma ya ba ta haushi.

Da safe gari ya watse zuwa gonaki, ana jin muryoyin mata da na yara suna wucewa ta bayan danga. Asabarin Barmo bai motsa ba. Tabawa ta jawo randa tsakar gida, ta fasa lakar da taɓarya, ta juye iri a ƙwarya. Ta tsaya a ƙofarsa ta ce, “Maigida, rana na yi. Ɗauko sungumi.”

Daga ciki ya ce, “Me za mu shuka? Ƙusa?”

“Ka fito dai. Ƙasa ba za ta jira ka gama kunyarka ba.”

Ya fito, ya ga ƙwaryar, ya tsaya. Ya ɗauki sungumi ya bi ta. A gona yana gaba yana sara, tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddigen nan mai tabo. Sai da suka yi nisa sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Ina kika samo shi?”

Ta ce, “In mun koma gida ka duba turken akuya.”

Sungumin ya tsaya a sama. Can ya sauke shi, ya ci gaba da sara har suka tashi.

Daminar ta yi kyau, amma kafin sabon gero ya nuna sun sha tafasa da kunun kanwa, abin da gidan maƙeri bai saba ba. Barmo ya kama ƙarafan nan ya yi ta ƙira kamar ana bin sa da bulala, hauya, gatari, lauje, har Buzaye daga wajen Tarka suna zuwa saye. Mushe Kadi ya zo jaje, ya fara bayanin cewa shi ma tauraron in ya tarwatse abin da ya watsar ba ya zama asara. Tabawa ta ce, “Mushe, sha furarka.” Ya sha.

Da kaka aka gina sabon rumbu. Ranar da aka gama zuba gero, Barmo ya zo wajenta yana ta murza hannu a baya, kamar yaron da ya fasa tulu. Murna ta kama ta, ta ɗauka ya je gidan Ladi ne, har ta leƙa bayansa ko za ta ga igiya. Ya miƙo mata wani ɗan abu a tafin hannu. Ƙararrawa ce ’yar ƙarama, irin wadda ake rataya wa akuya a wuya, ya ƙera ta da kyau, ya yi mata zane, ya goge ta har tana sheƙi.

“Na je wajen Ladi,” in ji shi a hankali. “Sun sayar da ita tun tsakiyar damina, an wuce da ita kudu. Wannan, in Allah ya kawo wata.”

Tabawa ta dubi ƙararrawar. Mutumin nan ya ci mata akuya da ƙarfe, ya zo ba ta haƙuri, kuma ƙarfe ya kawo! Ta buɗe baki, sai ta ga hannunsa, duk ƙuna da tsagewa. Hawaye ya cika mata ido, ta rasa na akuyar ne ko na takaici ne ko na wannan tsohon da ba zai taɓa canzawa ba. Ta karɓa, ta yage bakin zanenta, ta wuce gindin sabon rumbu ta ɗaure ƙararrawar a jikin tsani, ta yi mata ƙulli mai ƙarfi.

Wata akuyar ta zo daga baya, amma ba a kwance ƙararrawar ba. Har Barmo ya tsufa ya daina hawa, duk sanda ya taka tsanin nan sai ta yi ƙara, daga madafa kuma a ji muryar Tabawa, “Maigida, me ke hannunka?” Shi kuma ya ɗaga hannuwansa biyu sama ya nuna mata.